Kowa da Inda Tsintsiyarsa Take Cin Birki

Da wuya ka sami Bahaushen da zai yarda gidansa da datti. Ka kira mutum matalauci, ya ce haka Allah ya so. Ka kira shi ƙazami, sai an raba ku. Kowa yana shara, wasu ma safe da yamma. Bambancin kawai shi ne inda tsintsiyar kowa take cin birki, domin kowa akwai idon da yake yi wa shara: wata idon baƙo, wata idon uwar miji, wani idon hukuma. Datti ya daɗe da gane haka, shi ya sa ya tattara nasa ya nasa ya koma inda idon ba ya kaiwa.

Ga mai sharar baƙi. Falonta tubarkalla, tayil yana ɗaukar ido, turaren wuta ya kama labule. Amma iyakar mulkinta daga bakin ƙofa ne zuwa inda baƙo zai zauna ya miƙe ƙafa. In tsintsiya ta taro ƙura aka rasa abin kwashewa, sai a tura ƙarƙashin babbar kujera a ce sai anjima. Kujerar nan ba ta motsa ba tun ranar da 'yan jere suka dire ta. Sai ranar da ɗan kunnen gwal ya gangara ciki, aka kira samari biyu suka ɗaga, a tarar da kayan da suka isa buɗe tireda: cokulan shayin da aka sallami 'yar aiki a kansu, ƙwallayen dabinon azumin bara, batirin rimot, takalmin jariri wari guda alhali mai shi yanzu yana aji uku, da katin gayyatar bikin da tuni auren ya mutu. Ba ta cika jin kunya ba, tunda babu baƙo a wurin.

Ƙanwarta a sana'a ita ce mai sharar iya tsayi. A wurinta duk abin da ya wuce goshinta na Allah ne. Ƙasa fes, amma saman sif, saman firij, sandar labule da kan ƙyauren ƙofa ba su taɓa gamuwa da tsumma ba. Wadda ta fi mantawa da ita fankar sama ce, fanka kuwa ba ta yafiya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, ta cuso ta ta kowace kafar taga. Duk watannin nan fanka a kashe take saboda sanyi, fukafukanta uku suna karɓar rabonsu kullum. Sai wata rana a Maris, zafi ya sauko, an kawo wuta, an zuba tuwo an kewaye shi, wani yaro ya tashi ya murɗa makunni har ƙarshe. Abin da ya sauka a kan miyar kuka ba daddawa ba ce. Maigida ya ɗaga kai, uwargida ta ɗaga kai, daga nan kowa ya juyo kan yaron.

Tunda an ambaci maigida, bari mu ɗan zauna a kansa. Shi ba ya riƙe tsintsiya, yatsa yake riƙewa. Yana shigowa zai shafa shi a kan talabijin, ya ɗaga sama kowa ya gani: "Wannan fa? Me kuke yi ne tun safe a gidan nan?" Laifi tudu ne. A gidan akwai wuraren da ya kafa wa dokar "kada wanda ya taɓa min", kuma su ne hedikwatar dattin. Akwai durowar da ke cike da rasit ɗin NEPA, hukumar da aka sauya wa suna tun 2005. Akwai lungun janareto, inda baƙin mai ya haɗu da ƙura suka zama kwalta. Akwai tayoyi huɗu da ya cire daga mota ya jingine a bayan gida don za su yi amfani. Suna kuwa yi: da damina suna riƙe ruwa, sauro kuma daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi. Alhaji yana sayen maganin feshi kowane mako yana tsine wa kwatar maƙwabta.

Sai tankin ruwa da ke can bisa ƙarfe, wanda ba a leƙa ba tun ranar da mai aikin famfo ya sauko. Iska ta ɗauke murfin, rana tana shiga gansakuka tana yaɗo, yashin da ruwan burtsatse ke tafe da shi ya kwanta a gindi, wani lokaci har da ƙadangaren da ƙishirwa ta yi wa mugun jagora.

"Alhaji, ruwan nan fa yana wani irin wari."

"Famfo ne. Ku bar shi ya zuba kaɗan."

Zancen ruwa shi zai kai mu ga 'yan ƙari. Su randarsu ba ta taɓa ƙarewa, don da ta yi rabi an kira ɗan garuwa ya cike ta. Ana wanke bakinta, ana goge faifan da ke rufe ta, amma cikinta ya yi santsi, moɗar kuwa kowane hannu a gidan ya nutsa da ita, har na yaron da ya taso daga wasan ƙasa. Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin Turawa da bayan 'yancin kai, wanda in ya shigo gida randa yake fara nufa, in ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki sai tara. Mutanen nan sun san abin da suke nema. Sauron da ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi ruwa mai kyau yake so, na randa da duro da bokiti, kuma a jikin mazubin yake liƙa ƙwansa, ƙwan da zai iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa. Zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, sai an sa soso an dirje. 'Yan ƙarin zamani sun bar randa sun koma firij, suka tafi da halinsu: a bayansa daga ƙasa akwai ɗan faranti mai tare ruwan da ke tsatsowa, kuma yawancin masu firij ba su ma san da zamansa ba. Kyankyaso ya sani.

Mai ajiya ba ta zubar da komai. Gwangwanin madara, robar man shanu, leda a cikin leda a cikin leda, tukunyar da gindinta ya huje, duk suna sito a bayan buhunan masara. Tana share gaban buhu, ba ta taɓa jan buhu ba. Da ta ja, da ta ga baƙaƙen ƙwayoyi a jere a gindin bango. A nan raha takan ɗan tsaya, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi. In ka faɗa mata haka sai ta ce ita ɓerayen gidanta ta san su.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai haɗa magunguna. Wannan ba ƙazama ba ce, tsafta ce ta yi mata yawa har ta zama yaƙi. A ganinta in magani ɗaya yana kashe ƙwayoyin cuta, biyu za su kashe har kakanninsu, sai ta tsiyaya Hypo ta bi shi da Harpic, ta rufe ƙofar banɗaki tana dirza. Haɗa bilic da mai wanke masai mai asid iskar kulorin yake fitarwa, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tana fitowa tana tari, ido jajir, tana cewa ai alamar yana aiki ke nan. Abin mamaki, a kicin ɗinta soson wanke-wanke ya shekara yana jiƙe a cikin robar sabulu. Masu bincike a Jamus sun duba irin wannan soso guda 14 a 2017, suka sami nau'in ƙwayoyin bakteriya 362. Da shi take wanke kofin baƙi. Buta kuwa, wadda take shiga banɗaki ta fito ta zauna a bakin tabarma, ba ita kaɗai ba, kusan duk gari babu wanda ya taɓa sa mata sabulu a mariƙi. Ana ganin tunda ruwa take ɗauka, ai a wanke take.

Saurayi mai ɗakin zaure ba zai ci mana lokaci ba. Shi turare ne tsintsiyarsa. Katifarsa tana ƙasa, ba ta taɓa ganin rana ba, kuɗin cizo sun yi unguwa a ɗinkinta, in ya tashi da ƙuraje ya ce zafi ne. Wayar da yake shiga ko'ina da ita, ko'ina fa, da gefen riga yake goge ta.

Akwai kuma ɗan Asabar ɗin ƙarshen wata. Wannan al'ada ta tsaftar muhalli gadon yaƙi da rashin ɗa'a ce, wanda gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar a 1984, kuma a Kano har yanzu akan tsayar da zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Mutuminmu yakan fito da shebur misalin tara da rabi, ya kwaso baƙin taɓo daga kwata ya tara a bakinta, ya jingina da shebur ɗin yana gaisawa da masu wucewa don a shaida. Taɓon yana nan har ruwan sama na gaba ya mayar da shi inda ya fito.

Dukkansu akwai ranar da take jiransu, ranar tashi daga gida ko ranar fenti, lokacin da za a fitar da gado da sif da firij tsakar gida, bango ya bayyana da zanen kowane kaya a jikinsa. A ranar ne ake ganin gwani na ƙarshe, mai ɗora laifi. Zai tsaya a kan tarin ƙura da yanar gizo-gizo da ɓawon gyaɗa, ya riƙe baki, ya dubi masu ɗaukar kaya:

"Kai, jama'a! Wallahi waɗanda suka zauna a gidan nan kafin mu ba su da tsafta."

Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Baba, ba kai ka gina gidan ba?"

"Ɗauki ƙafar gadon nan, ka cika surutu."