Masu Ishiriniya a Zauren Wanzami

Duk wanda ya taɓa kwana a garuruwan ƙasar Bagudo a farkon watan Rabi'ul Awwal, wanda jama'a ke kira watan Gani, ko a Kurgu ne, ko Kende, ko Ka'oje, ko can Illo da Lolo inda ƙasar Nijeriya ke ƙarewa ta Benin ta soma, ya san da an idar da sallar lisha, tun sauro bai gama tantance baƙo da ɗan gari ba, wata murya za ta taso daga wani zaure, wasu muryoyi su amsa mata, a yi ta yi har dare ya raba. Mai sauraro daga nesa yakan zaci mutanen nan zuciyarsu ɗaya kamar yadda muryarsu take ɗaya. Wannan kyakkyawan zato ne, shari'a ma ta yi umurni da shi, ni kuwa ba ni da nufin rushe shi. Sai dai wanda ya tuɓe takalmi ya shiga ya zauna zai tarar abin da ke fitowa da daɗi ta ƙofa an haɗa shi ne daga mutanen da, in aka ware su ɗai-ɗai, ba kowanne ne maƙwabcinsa zai yarda ya yi masa waƙa a bakin katanga ba.

Littafin da suke rerawa, wato Ishiriniya, ba na jiya ba ne. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara madahun nan na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba kowane harafin Larabci baiti ishirin. Daga baya Ibn Mahibi ya yi masa tahamisi, kowane baiti ya zama ɗango biyar. Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi masa sharhi, Malam Abdullahi na Gwandu kuma, wanda ƙasar nan take ƙarƙashin masarautar da ya kafa, ya lissafa shi cikin littattafan da ya karanta a gaban wansa Shehu Usmanu. Saboda haka masu zaman zauren nan magada ne, ko da yake gādon ya fi ƙarfin wasunsu.

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada mai kama da wannan, inda maza ke haɗuwa su rera waƙa da murya hawa huɗu, ba ganga ba algaita, al'adar da ake danganta asalinta da shagunan aski, musamman na baƙar fata, har a 1938 aka kafa mata ƙungiya a birnin Tulsa. Ban yi mamakin wannan ba ko kaɗan, domin ƙungiyar da na fi sani a wajajen Kurgu ita ma a zauren wanzami take bita, kuma dalilin ɗaya ne a ko'ina: wurin aski ne kaɗai namiji ke iya zama rabin yini bai yi komai ba, in matarsa ta tambaya ya ce layi yake jira.

Da wanzamin ya kamata a fara, tun da zauren nasa ne, tabarmin nasa ne, fitilar ma tasa ce. Ba ya cikin masu murya, bai kuma taɓa da'awar haka ba, amma shi ne alƙalin ƙungiyar ba tare da an naɗa shi ba, saboda babu ɗaya daga cikinsu da bai yi wa askin suna ga ɗa ba, ko kaciya, ko ƙaho a bayan wuya lokacin da jini ya yi yawa. In gardama ta yi tsanani tsakanin mutum biyu, ba ya tsoma baki; yakan bari sai ranar da ɗayansu ya zo aski, ya jiƙa masa kai, ya wasa askar a tafin hannu sau biyu ko uku a gaban idonsa, ya danne masa kunne da babban yatsa, sa'an nan cikin taushin murya ya ce, "Ni dai nac ce a yi haƙuri, ko kai mi ka gani?" Har yau ba a sami wanda ya ga wani abu daban ba. Amma ranar da aka ce shi ma ya biya kuɗin anko kamar kowa, sai da aka kwana uku ana biko, don wanzami ba ya son jarfa.

Sai mai jan baki, wanda shi ne limamin wannan sahu. Yawanci dattijo ne da ya yi tashe shekaru talatin da suka wuce, yana kuma rayuwa a kan ribar wancan tashen, ga gorar ruwan ɗumi a gefe, ga citta da kanumfari a aljihu, ga zuma a 'yar kwalba wadda ba ya sam wa kowa. Kafin ya ɗauki baiti sai ya yi gyaran murya sau uku, ya toshe kunnen dama da yatsa, ya lumshe ido, ya karkata kai, har jama'a su ƙagu. In muryar ta fita lafiya, baiwa ce daga Allah, in kuwa ta sarƙe a tsakiyar madda, to laifin hazo ne, ko ƙurar babura masu ɗauko kaya daga iyaka, ko man gyaɗan da aka zuba a miyar jiya. Kullum yana kukan yaran zamani ba su son koyo, alhali duk saurayin da muryarsa ta fara fin tasa zaƙi, shi ake aika ya sayo goro daidai lokacin da za a shiga harafin da ya fi iyawa.

A damansa akwai mai gyara, kuma a kan wannan zan ɗan daɗe, domin shi ne azabar kowace ƙungiya, shi ne kuma dalilin da ya sa ba ta lalace ba. Ya yi karatun zaure, ya sauke Ajuruma, ya leƙa Alfiyya, yana da tsohon littafi bugun Kano da takardunsa suka yi ja, gefe duk rubutun alƙalami. Allah bai ba shi murya ba ko ta kiran akuya, sai Ya ba shi kunnen da ke jin wasali ɗaya ya karkace a cikin muryoyi goma sha biyar. Ana tsakiyar shauƙi, kawuna na kaɗawa, wani ma hawaye ya fara taruwa masa, sai ka ji an buga tafi ɗaya a cinya: "Allah shi gafarta Malam, fataha ta, ba kisira ta ba." Mai jan baki ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Haka nij ji ta ga malamina." Shi ke nan an buɗe babin da ba ya rufuwa, a kawo mubtada'i, a kawo habari, a kawo larurar waƙa wadda malaman aruli suka yi rangwame a kanta, sauran jama'a kuwa, waɗanda ba su san fa'ili daga maf'uli ba, su rabu gida biyu bisa ga wanda ke bin wani bashi. Na daɗe ina ganin mutumin nan fitina ne, kuma har yanzu ban canza ra'ayi ba; amma na taɓa jin wata ƙungiyar da ba ta da irinsa, na ji yadda lahani ya hau kan lahani har baitin yabo ya kusa komawa abin da sai an yi istigfari.

Mai motsa baki shi ne mafi yawa a adadi, mafi ƙaranci a laifi. Bai haddace ko baiti ɗaya ba, ba ya kuma iya bin rubutun, amma ya gano wani sirri da Alfazazi bai yi nufin bayarwa ba, wato ɗangon ƙarshe na kowane baiti da harafi guda yake ƙarewa har a gama babin. Saboda haka sai ya yi ta gunguni yana kaɗa kai cikin haiba, kunnensa a kan na kusa da shi, da an iso ƙafiya sai ya daka mata tsawa fiye da kowa, ya kuma ja ta bayan kowa ya saki, don a shaida yana nan. Ranar wahalarsa ita ce ranar da aka sauya harafi yana waje wurin alwala.

Akwai Basarke, masunci, wanda ya koyi magana a kan kogin Kwara, inda in kana son ɗan'uwanka ya ji ka sai ka kira shi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Shi bai san akwai wani abu wai shi sassauta murya ba, in an ce ya rage sai ya ce ai ragewar ke nan. Ba a iya korarsa, saboda shi ke kawo kifin daren Maulidi. Akwai mai gaggawa, wanda kullum yake gaban jama'a da kalma biyu kamar mai tsoron kada jirgin fito ya tashi ya bar shi. Akwai kuma tsohon da ke zama a lungu, carbi a hannu, yana barci tun baiti na uku, amma da an ambaci sunan Annabi zai yi salati daidai wurinsa bai farka ba; shi kam ba ni da abin cewa a kansa, ina ma tsoron ranar hisabi a tarar ya fi mu duka.

Mai shauƙi iri biyu ne, bambance su kuwa ba aikina ba ne, tun da ihlasi a zuciya yake, Allah kaɗai ke ganinsa. Abin da ido ya gani dai shi ne akwai wanda kukansa ke zuwa ko da zauren mutum uku ne da fitila mai hayaƙi, akwai kuma wanda nasa ba ya zuwa sai an ji tsayuwar motar Alhaji.

Alhajin nan kuwa shi ya sayi lasifika, shi ke zuba wa janareta mai, shi ke ba da buhun shinkafa, kuma a sakamakon wannan ɗawainiya ba ya neman komai face a bar shi ya ja harafi ɗaya a daren sha biyu ga wata. An sha zama a kan mas'alar. Mai gyara ya ce ba ya halatta, mai jan baki ya ce makaruhi ne, wanzami ya rufe taro da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da aka yi ijma'i a kansa a asirce shi ne yaron da ke kula da na'ura ya rage ƙarar lasifikar in Alhaji ya karɓa, Basarke kuma a zaunar da shi daf da shi, a ce masa yau kada ya rage komai. Alhaji yakan tashi yana murna, yana cewa bai taɓa jin amshi mai ƙarfi irin na bana ba.

Ma'aji mutum ne mai amana wanda lissafinsa bai taɓa cika ba, kuma ba don yana ci ba. Aljihunsa na dama na naira ne, na hagu na sefa, domin ana gayyatar ƙungiyar suna da walima da saukar karatu a ƙetaren iyaka kamar yadda ake gayyatarta a gida, abin da aka liƙa a can da kuɗin can ake liƙa shi. In an ce ya kawo bayani sai ya tambaya da wane canji, na ranar da aka karɓa ko na yau, kafin a daidaita a kan wannan an kira asuba. A hannunsa maganar anko take, wadda ta fi kowace mas'alar nahawu raba kan jama'a: shekara guda an so farar shadda, masu noma suka ce sai an sayar da albasa, aka koma yadi mai sauƙi, Alhaji ya ɗinko shaddarsa shi kaɗai ya zo ya zauna a tsakiya.

Daga ƙetaren ne kuma ɗan tsallake ke zuwa, daga wajajen Segbana ko Malanbil, da Hausarsa mai gauraye da Dandanci, da "pardon" a bakinsa in ya taka wa mutum ƙafa, da wani karin murya da ya ce haka ake yi a Kandi. Karin nasa ba laifi, sai dai yakan shigo da shi ba sallama a tsakiyar na gida, sahu ya rabu biyu, rabi su bi shi rabi su tsaya. Lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, an hana shinkafa shigowa, an hana mai fita, amma shi bai rasa bita ba; da aka tambaye shi ta ina yake bi sai ya ce gonar kawunsa rabinta na nan rabinta na can, shi kewayen gona kawai yake yi.

Mai kwano ba ya buƙatar dogon bayani. Yakan iso daidai lokacin da ake sauke tukunya, ya yi sallama da ƙarfi, ya ce wani uzuri ne ya tsare shi, kuma shi ke fara cewa bana gishiri ya yi kaɗan.

Na ƙarshe ba ɗan ƙungiya ba ne, zai ma yi fushi in ya ji na sa shi cikin lissafi. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, da wuya a sami gari a ƙasar Hausa da babu mai ganin taron Maulidi bidi'a ne, kuma wannan bahasi ne na malamai wanda ba a zauren aski za a warware shi ba. Shi mutumin namu yana kan wannan fahimta da gaske, ba ya shiga, ba ya cin shinkafar, har ya sha yi wa wanzami nasiha. Amma tun yana yaro mahaifinsa ke riƙo hannunsa zuwa wannan zaure, littafin duk yana kansa, kuma a cikin faɗin garin nan bai sami inda iska ta fi daɗi a watan Gani ba sai dakalin da ke fuskantar ƙofar. A nan yake zama da rediyonsa a kashe. Wani dare mai jan baki ya tsallake baiti guda a harafin nun, mai gyara kuwa ya tafi jana'iza Zagga, babu wanda ya lura, sai aka ji murya daga duhu: "Kawu, kun ƙetare ɗaya." Aka yi tsit. Dattijon ya leƙo ya ce, "To ɗana, shigo ka ja muna shi mana." Ya ce shi ba ruwansa da abin da suke yi, amma in dai za a yi, a koma baya a ɗauko daga na goma sha ɗaya.