'Yar'uwar Gamba a Amurka

A jihar Ilinoi ta Amurka, kakanni sun yi ta kaftu da garmar ƙarfe irin wadda John Deere ya ƙera a 1837, har suka kusa share ciyawar dajinsu kakaf. Yau jikokinsu ke zare dala suna sayen irinta, su shuka a ƙofar gida. Ciyawar kuwa, big bluestem, 'yar'uwar gamba ce ta jini, gambar nan da muke yanka mu saƙa zana.

Ba ta son taki, ba ta son yawan ban ruwa. Shekarar farko ko kallonka ba ta yi, tana can ƙasa tana tura saiwa, wadda kan kai mita biyu zuwa uku. Maigida na durƙushe yana cire ciyawa a cikin ciyawa, maƙwabci na leƙe ta kan shinge yana girgiza kai. Sai wajen shekara ta uku ta miƙe ta fi maigidan tsayi. Da sanyi ya wuce kuma a cinna mata wuta don ta ƙara kyau, a garuruwa da yawa ma sai da izinin hukuma.

Duk wannan wahala, ko zana ɗaya ba ya saƙawa. Kujera yake kafawa, ya zauna yana kallon ciyawa. Da tumakin garinmu za su ji labari, da tuni sun nemi biza.