Albarka, Alhaji

Ni Bakatsine ne da aikin gwamnati ya kawo Minna, kuma in akwai abin da na yarda na iya a duniya, to ciniki ne. Akwai masu doya a Kasuwar Gwari da in suka hango hulata sai su fara istigfari. A Kasuwar Kure na taɓa taya bokiti tun hantsi har aka kira Azahar, daga ƙarshe mai shagon ya sallama mini don kawai ya samu ya je masallaci. Saboda haka da 'yata, wadda ke karatu a jami'ar fasaha ta Gidan Kwano, ta zo da labarin wai masu sana'ar hannu za su ci kasuwa a cikin wani zaure a Tunga, kuma sai da tikitin Naira 2,000 ake shiga, sai na ce ta maimaita a hankali.

"Baba, ai ba irin kasuwar da ka sani ba ce. Akwai na'urar sanyi."

"Kuɗin shiga kasuwa ko kuɗin sanyi?"

Uwargida ce ta yanke maganar. Ƙanwarta za ta yi aure, ana son tiren tagulla na Bida a saka cikin kayan ɗaki, kuma ta ji Nufawa za su zo da nasu. Ta ƙirgo kuɗi ta ba ni, ta ce kada in kuskura in dawo da komai sai tire. Na karɓa na sa a aljihu, ina ƙudurta a raina cewa wannan 2,000 sai na fanshe ta kafin in fito, ko ta hanyar ragi ko ta wata hanyar.

A ƙofar zauren wata yarinya ta haska wayar 'yata da wata na'ura, sannan ta ce in miƙo hannu. Na miƙa, a zatona canji za ta ba ni. Sai ta ɗaura mini wata takarda ruwan ɗorawa a wuyan hannu, irin wadda ake ɗaura wa jariri a asibiti kada a musanya shi. Ta yi wani bayani a kan takardar, ban saurara ba, don hancina ya riga ya jiyo ƙamshin kilishi. 'Yata kuwa ta hango ƙawayenta, ta ce, "Baba, ina zuwa," ban sake ganinta ba sai da komai ya lalace.

Wata hanyar ce ta fara samuwa. Ashe a layin masu abinci ɗanɗano kyauta ne. Na ɗanɗani kilishi, na ɗanɗani dambun nama, na lashi zuma a tsinken sakace, na zo kan ƙuli-ƙulin Bida, wanda ko maƙiyin Banufe ya san ba shi da na biyu. Na zagaya na dawo ta ɗaya gefen, na tura hula gaba kaɗan don in canza kama. Mai kilishin ya dube ni ya ce, "Baba, har yanzu dai yajin bai canza ba." Na yi lissafi a tsaye, na ga na ci na wajen 600. Saura 1,400.

Daga nan na shiga aiki na sosai. Wata matashiya tana sayar da jakunkunan fata da takalma, ɗinki mai kyau, babu ƙarya. Na ɗauki jaka, na juya ta, na yamutsa fuska kamar yadda ƙa'ida ta tanada, na ce nawa. Ta nuna mini wata 'yar takarda da ke rataye: 18,000. Na yi dariyar da ake yi, na ce 5,000.

A kasuwar Allah, nan ne mai kaya zai ce "albarka", ya ce ko kuɗin fatar ba ka kai ba, ka ce to nawa gaskiya, ya rantse, kai ma ka rantse, a tambayi iyali, a yi zancen ruwan bana, a haɗu a tsakiya kowa yana cewa an cuce shi alhali kowa ya ji daɗi. Yarinyar nan murmushi kawai ta yi, ta ce, "Baba, farashin ke nan, ba ma ragi." Ta miƙo mini kati mai lambar waya da sunanta na Instagram.

Na fito da makamina na ƙarshe, wato tafiya. Na ajiye jakar na juya, ina taku ɗai-ɗai, kunnena a baya, ina jiran "Baba, dawo mana." Na wuce masu tabarma, shiru. Na wuce masu sabulun kaɗanya, na ɗan yi tari don ta san inda nake, shiru. Ina cikin wannan tafiya ta ƙasaita har na tsinci kaina a waje, rana ta Minna ta mare ni, ladan na kiran Azahar. Na ce to, dama ce.

A wurin alwala na zo wanke hannu, takardar nan ta tsaya mini a hanya. Malaminmu na allo bai koya mana tsallake wuri ba, don haka na tsinke ta na jefa a kwata. Da na idar na koma ƙofa da carbina, yarinyar ta ce in nuna hannu. Na nuna mata hannu tsaf, har da danshin alwala. Na yi mata bayanin farillan alwala ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita ma musulma ce, kuma takardar ba ta jin ruwa, matsar da ita sama kawai ake yi, ai ta faɗa mini tun da safe. Na taya tikitin 1,000, ta ce ba a ragi. Bashin da nake bin kasuwa ya koma 3,400.

Allah ya taimake ni, a can ƙarshen zaure na samu mutumin kirki. Dattijo ne Banufe, ya baje tire da kwanuka da butoci na tagulla da na sanholo, gefe kuma ga awarwaro da duwatsun wuya na gilashi. Ina yin sallama ya ji harshena, ya ce, "A'a, bawana ne! Wa ya ba Bakatsine kuɗin tikiti?" Wanda bai san wasan Katsinawa da Nufawa ba zai ɗauka faɗa ne. Na ce masa yaushe Nufawa suka fito daga ruwa har suka san zaure mai sanyi. Ya tura mini kujera.

Nan na sha labari. Ya ɗaga tire ya nuna mini zanen, ya ce kowane ɗigo da guduma da 'yar kurfi aka buga shi, ɗaya bayan ɗaya, a maƙerar gidansu. Duwatsun kuwa na Masaga ne, unguwar masu gilashi a Bida, inda ake narka fasassun kwalabe a wuta a naɗe su a jikin ƙarfe su zama abin wuya. Ya ce Masagawa suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso, kuma a 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da aka sani da sana'ar hannu. Ya tambaye ni Katsina fa, me aka sa ta? Na ce Gobarau tana nan a tsaye tun kafin a haƙa rijiyar farko a gidansu.

Muka yi ciniki irin na mutane. Ya ce albarka har sau ba adadi, kowace ta sauka a zuciyata da sanyi. Ya rage mini 3,000, wai sadaka ga bawa. Na rungumi tire na tashi, saura 400 kacal in fita kunya, kuma layin kilishi yana kan hanyata.

Ina tsakiyar layin masu tukwane wuta ta ɗauke. A jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, wannan ba abin da za a tsaya mamaki ba ne, amma zauren ba shi da taga ko ɗaya a buɗe, an toshe su saboda sanyi. Duhu ya rufe, mata suka ɗauki salati. Abin da ya fara zuwa raina shi ne aljihu. Na ɗaga hannu da ƙarfi don in naɗe babbar riga a kafaɗa, tire yana ɗaya hannun, sai na ji hannun rigar ya kamo wani abu mai nauyi. Abin ya yi tunani kaɗan, sannan ya sauka. Ƙarar ta sa har salatin ya tsaya.

Da janareta ya tashi, ga ni tsaye, ga tulu a ƙasa ya zama sakaina, ga wata tsohuwa 'yar Gbagyi daga wajen Paiko tana kallona. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta sunkuya ta ɗauko ɓallin da takardar farashi ke manne, ta miƙo mini: 12,000.

Na buɗe baki, al'ada ta motsa, na ce, "Inna, ai yanzu ya fashe, ko za a duba..."

"Alhaji, da ka same shi a fashe?"

Kuɗin hannuna sun ƙare a kan tire da tikiti. Na ce zan tura ta waya. Jikanta ya karanto lambar asusu, na tura, aka cire daga wajena, wajensu shiru. Muka ɗaga wayoyi sama, muka je kusa da ƙofa, muka dawo, shiru. Tsohuwa ta ce ba komai, in zauna har kuɗin su iso, ita dama tana son ta je ta ci abinci. Ta ɗauki tirena ta tura ƙarƙashin tebur, ta ja jikanta suka fita. Ni da tire muka zama jingina.

Ban daɗe da zama ba wata Hajiya ta tsaya ta ce, "Malam, nawa kaskon nan?" Na so in ce ni ba mai kaya ba ne, amma bayanin yadda aka yi na zo wurin ya fi karanta farashi tsawo. Na karanta mata, ta biya, ta tafi. Na dubi kuɗin a hannuna, wani abu ya taso mini wanda ban san ina da shi ba.

Zaman ya sa na kalli kayan da kyau. Ba a kan na'ura ake yin su ba. Matan Gbagyi da hannu suke ɗaga yumɓu, mace na zagaya tukunyar tana ja tana shafa har ta tashi, a zana mata ado da tsinke, a gasa a fili da itace da ciyawa, a yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi ta yi wannan duhun mai sheƙi. Irin aikin da Ladi Kwali ta taso a cikinsa ke nan kafin ta shiga makarantar tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja. Na tuna randar da na saya a bakin hanyar Paiko, da irin tayin da na yi wa mai ita, sai na gyara zama.

Sai ga wani Alhaji, babbar riga ta fi tawa, ya ɗauki tulu, ya juya shi, ya yamutsa fuska. Na gane shi nan take, ɗan makarantarmu ne ta ciniki. Ya ce nawa, na ce 12,000. Ya yi dariyar, ya ce 3,000, ai ƙasa ce.

"Albarka, Alhaji."

Ban san haka kalmar take da daɗi daga wannan gefen tebur ba. Na ce ya ciro Murtala daga aljihunsa, ya juya bayanta. Aka yi ta lalube, don Naira 20 ta yi wuyar gani yanzu, daga ƙarshe wani yaro ya ba mu aro. Na nuna masa matar da ke zaune tana gina tukunya, na ce wannan ƙasar da ya raina ita ta kai Ladi Kwali Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma a garin nan na Minna ta rasu a 1984. Na tambaye shi hotonsa yana kan Naira nawa. Ya ajiye tulu ya juya, yana taku ɗai-ɗai, kunnensa a baya. Na ƙyale shi. Ya kai wajen masu sabulu, ya yi tari. Na duba carbina. Ya dawo ya biya 12,000 cif, yana cewa bai taɓa ganin mai tukwane mai taurin kai irina ba.

Ina ƙirga kuɗin na ji an ce, "Baba?" 'Yata ce da ƙawayenta, ɗaya har ta ɗaga waya. A bayansu kuma, don Allah ya cika mini ranar, ga maƙwabcina na Bosso, wanda muke sahu ɗaya a masallaci, ya tsaya da leda a hannu. Bai ce komai ba. Ya sunkuyar da kai ya wuce, irin wucewar mai rufa wa ɗan'uwa asiri.

Tsohuwa ta dawo ta tarar an sayar da tulu da kasko da tukwane biyu. Kuɗina ma sun shiga. Ta ƙirga cinikin sau biyu, ta ciro tirena ta ba ni. Na yi gyaran murya na kawo maganar la'ada, tunda ko a kara dillali ba ya tashi hannu banza. Ta yi tunani, ta sa jikanta ya tattara sakainar tulun a leda, ta ce ai kayana ne, na biya.

Uwargida ta yaba tire. Ledar ce ta buɗe ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, wannan fa?" Na ce na turaren wuta ne, na amarya. Ba ta ce komai ba, sai dai na ji dariya daga ɗakin 'yata har bayan Isha'i.

Washegari da Asuba, bayan an shafa, maƙwabcina ya ja ni gefe. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce zamani ya yi tsanani, albashi ba ya kai wata, kuma babu abin kunya a neman halal, shi kam girmana ma ya ƙaru a idonsa. Ya ce maiɗakinsa na son randa babba ta ruwan sanyi, ya fi so ya saya a hannun na gida. Ya cusa mini 5,000 kafin alƙalami, ya tambaya ko za a ɗan duba masa tunda maƙwabta ne.

Na ce masa ba ma ragi, amma zan yi magana da Inna.