Madalla da Kundin Rufin Asiri

Duk mai cewa ƙasar nan ba ta san darajar talaka ba, ya zo in raka shi ƙofar kamfani a Sharada da ƙarfe shida na safe. Zai tarar da samari jingim, wasu a ƙasa wasu a kan keke, kowa rungume da ambulan. A ciki akwai hoton fasfo biyu, da takardar mai unguwa, da fom ɗin mai tsaya wa mutum. A ƙasan wani fom ɗin har da tambaya: an taɓa kama ka? Aikin da ake nema bai wuce tsayuwar awa goma sha biyu a gaban injin narka roba ba, amma dubi irin binciken da ake wa mai yinsa, sai ka rantse 'yar sarki za a ba shi. Wace karramawa ce ta wuce wannan?

Hukuma kuwa ba ta bar kamfani cikin duhu ba, ta tanadi komai. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 15, ta ce duk wanda aka kama a rubuta sunansa da sana'arsa da adireshinsa da abin da ake zarginsa da shi, a auna tsawonsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma kada aikin ya wuce awa 48. Sashe na 16 ya kafa babban kundin laifuka na ƙasa, ya ce kowace rundunar jiha ta riƙe nata, kuma hukuncin da kotu ta yanke ya isa babban kundin cikin kwana 30. Ana son baturen 'yan sanda ya kai wa majistare rahoton kamen da aka yi ba da sammaci ba duk ƙarshen wata, shi ma majistare ya leƙa caji ofis duk wata ya ga su wa ke bayan kanta. Kano ta yi irin tata dokar a 2019, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake jaddadawa. In ka karanta sai ka ji ƙwalla ta cika maka ido. Doka mai kyau haka ai ba ta amfanin yau da kullum ba ce. Kamar kwallar jeren amarya take, ajiye ta ake a saman kabad, a riƙa goge mata ƙura in baƙi za su zo.

Ni dai na ga albarkar wannan tsari da idona. Ɗan ƙanwata yana aikin dare a wani kamfanin takalman roba. Wata rana injin ya lalace aka sallame su tun kafin asuba, yana tafe a ƙasa sai ya faɗa cikin sumame, irin kamen nan na kan mai uwa da wabi. Kwana biyu ya yi a wani caji ofis. A bangon wurin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, kuma wallahi kyautar ce, mu dai abin da muka bayar na biro da takarda ne. Da ya koma bakin aiki, mai kula da su ya ce labari ya riga shi zuwa, sai ya kawo takarda daga 'yan sanda mai nuna an wanke shi.

Muka koma. A kan kanta akwai wani ƙaton littafi da bangonsa ya rabu da shi, an ɗaure shi da kyauron roba. Na gai da jami'in da ke zaune, na faɗi abin da ke tafe da mu.

"Baba, takardar me?"

"Yallaɓai, wadda za ta nuna an kama yaron nan, an bincika, an sake shi."

Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya sake lasa, ya koma baya, ya bi layi da gindin biro. Can ya ɗago.

"Ai sunansa ba ya ciki."

"To a taimaka a rubuta mana cewa ba ya ciki."

"Haba Baba, yaya zan rubuta abin da babu? Ku je ku gode wa Allah. Wasu nema suke a cire sunansu, ku kuna neman a sa."

Na daɗe ina zama gaban malamai, ban taɓa jin hujjar da ta ɗaure ni irin wannan ba. A wurin gwamnati yaron bai taɓa kwana a sel ba. Cizon sauron da ke jikinsa da warin da ya bi rigarsa har gida duk mafarki ne. Hukuma ta rufa masa asiri rufin da shi kansa ba zai iya buɗewa ba. Unguwa ce kawai da kamfani suka ƙi ba da haɗin kai, su har yau sun nace an kama shi.

Kada wani ya ɗauka jama'a ba su da hanyar sanin tarihin mutum. Suna da ita, kuma ta fi ta Amurka sauƙi, inda sai ka wahalar da kanka ka shiga shafin kotu ko na ofishin 'yan sandan gunduma kana laluben suna. Mu shekara da shekaru kundinmu a fili ake baje shi. A harabar hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai a da akan jera waɗanda ake zargi a ƙasa, a zube wuƙaƙe da adduna da wayoyi a gabansu, 'yan jarida su kewaye su, a miƙa musu abin magana su yi bayani da bakinsu. Kafin magariba bidiyo ya zaga Facebook da TikTok. Kundi ne da ba a rufe shi ranar Lahadi, ba ya jiran mai riƙe da makulli ya dawo daga masallaci, kuma babu mai ce maka fayil ya ɓata. Mai binciken aure ma ya huta da yawon tambayar maƙwabta, wayarsa ta ishe shi.

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. To ai ba a saɓa masa ba, gaba kawai aka yi, aka rage wa alƙali aiki. In bayan wata takwas a Kurmawa ko Goron Dutse wata kotu a Nomansland ta sallami mutum don babu hujja, ba a gayyatar kyamara. Wannan ma ladabi ne. Wa zai so a tara masa jama'a ana kallonsa yana fitowa da kaya a leda, duk ya rame? Sai a bar shi ya sulale gida cikin mutunci. A 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya hana holin waɗanda ake zargi kafin a kai su kotu. An gode. Sai dai umarnin bai shiga wayoyin mutane ya goge na baya ba, don haka taskar tana nan yadda take, jikoki ma za su amfana.

Akwai kuma takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda tushenta ke babban kundin laifuka na Alagbon a Legas. Yanzu ta intanet ake nema, a shafin POSSAP: ka cike, ka biya, a ɗauki yatsunka. Takarda ce mai kwarjini, da hatimi da komai, ta masu neman biza da karatu a waje. Leburan da ake biya a ƙarshen mako ba a ɗora masa wannan nauyin ba, kuɗin kawai ya isa ya nuna masa ba da shi ake ba. Kyawunta shi ne ba ta ƙarya. Abin da ya isa kundi shi take faɗa, abin da ya maƙale a littafi mai ɗaurin kyauro kuwa ba ruwanta da shi. Ingila sai da ta zauna ta yi doka a 1974 don a daina bin mutum da tsohon laifinsa bayan wasu shekaru. Mu ba mu ɓata lokacin majalisa ba. Gara da yoyon damina suna yi mana wannan aikin kyauta, kuma ba sa nuna bambanci tsakanin ɓarawon akuya da ɓarawon biliyan.

Afuwarmu ma ta fi tasu nisa. A 2023, zamanin kwamishina Mohammed Usaini Gumel, rundunar Kano ta karɓi tuban 'yan daba, har aka horar da 50 daga cikinsu aka sa musu kakin 'yan sandan sa-kai. Hukumar kula da ayyukan 'yan sanda ta ƙasa ta nuna ba ta ji daɗi ba. Ni ban ga laifin tuba ba, kuma wanda ya ajiye wuƙa ya fi wanda ya riƙe ta. Abin da ya tsaya mini a rai ɗan ƙanwata ne. Da ya yi dabar ya tuba, da sunansa na cikin rajista, da hotonsa, da shaidar an yafe masa. Kuskurensa shi ne bai yi komai ba, wanda bai yi komai ba kuwa babu ofishin da ke kula da shi.

Mafi kyawun abin da ke cikin tsarin nan shi ne ya san babba ya san yaro. Tambaya daga sama take gangarowa, ba ta hawa. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, inda aka kulle su suna aiki tun lokacin da aka shiga kullen korona, wata uku ba fita. Duniya ta ji labari. Amma je ka ƙofar kowane kamfani, daga masu jima na Challawa har tsofaffin masana'antun Bompai, ka nemo mini lebura ɗaya da ya taɓa miƙa wa manaja fom ya ce, ranka ya daɗe, cike mini nan, an taɓa kama ka? Kawo mutum biyu su tsaya maka cewa yatsuna goma za su koma gida yadda suka zo. Tarbiyya ba za ta bar shi ba. Ga layi a bayansa, mutum ɗari na jiran ya yi tari a kira na gaba.

Makon jiya yaron ya samo fom daga wani kamfanin tabarmar roba. Ya zo ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya durƙusa, ya nuna mini layin da yatsa.

"Kawu, nan me zan rubuta? In na ce e, za su ce in kawo takarda. In na ce a'a, mai gadinsu ɗan unguwarmu ne."

Na ce ya bar wurin fari fat, yadda hukuma ta bar nata. Washegari kafin hantsi sai ga shi ya dawo da ambulan ɗinsa. Wai sun ce ba sa karɓar takardar da ba a cike ba.