Ɗan Ticha a Gandun Maƙwabta

A shekarar 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE, an watsa malamai ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Malami kan sauka da akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai da keke da iyali, amma ba ya zuwa da gona. A garin da kowane gida ke da gandu, wannan abin a jajanta wa mutum ne. Damina na faɗuwa gari kan watse, ba ka ganin kowa sai tsofaffi da kaji da 'ya'yan ticha. Mai wannan rubutu yana cikin waɗannan 'ya'ya, a wani ƙauye na ƙasar Kazaure. Don kada zaman banza ya lalata shi, mahaifinsa ya damƙa shi ga maƙwabcinsu, wani dattijo mai 'ya'ya maza reras, wanda duk unguwa ke kira Baba.

Tsarin gidan Baba irin na da ne. Da safe kowa a gandu yake, ƙarƙashin maigida, sai wajen azahar samari su wuce gayaunarsu, inda abin da mutum ya noma nasa ne. Yaro kuwa aiki ake gwada shi da shi, a ga inda zai yi amfani.

An fara da shuka. Ruwa ya sauka da dare, gari na wayewa Baba ya shige gaba da sungumi yana saran rami, yara na biye da ƙoƙon iri. Ɗan tsunkule ake jefawa, a rufe da diddige, a wuce. Ɗan Ticha ya ga wannan rowa ce, ya riƙa dumbuza da tafin hannu. Tun ba a kai tsakiyar gona ba ƙoƙonsa ya ƙare, ya ɗaga shi sama yana jiran yabo. Da gero ya tsiro, layinsa ya fito cunkus kamar sumar yaron da wanzami ya yi fushi da shi. Yini guda yayyen gidan suka yi suna ragewa.

Sai noman farko. Baƙo ba ya bambanta jaririn gero da ciyawa irin su harkiya, balle shibra, wadda ko manomi kan yi kokonto a kanta kafin ta fitar da kai. An ba yaron ƙaramar fartanya da kunya guda. Ya duƙa ya yi ta sara, hannu duk bororo, har ya riga kowa fita. Baba ya bi kunyar a hankali, hannuwa a baya. Gero kwance ko'ina, saiwa a sama, harkiya kuwa tana tsaye, an ma tara mata ƙasa a gindi.

"Sannu da ƙoƙari, Ɗan Ticha," in ji shi. "Ban taɓa ganin wanda ya kyautata wa ciyawa kamarka ba."

Daga ranar aka karɓe fartanya.

Lokacin maimai Baba ya kira gayya. Ita gayya ba a biyan lada da kuɗi. Samarin gari su taru su gama maka gona yau, gobe kai ma 'ya'yanka su je ta wani. Abin da ke kan mai gona shi ne ciyarwa da makaɗa. Gangar noma ba wasa ba ce, ko Musa Ɗanƙwairo da waƙar manoma ya fara kafin ya koma fada. Da an kira kirarin saurayi sai ka ga ƙasa na tashi. A wannan rana aka naɗa Ɗan Ticha mai kai fura. Inna, matar Baba, ta ɗora masa gammo da ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce, "Ɗan nan, ka dubi gabanka, ban da waige." Ya kiyaye wasiyya har bakin gona. Nan kiɗa ya shiga ƙafarsa, ya soma rangaji, ya taka ƙaya, ya yi tsalle. Ƙwarya ta yi gabas, faifai ya yi yamma, ladan majiya ƙarfi ya malale a kan yashi. Ganga ta tsaya cak. Aka yi shiru, sai makaɗi ya sake ɗaukar kiɗa da sabon amshi, wanda 'yan matan garin suka yi ta rerawa a dandali har kaka.

Saura aiki ɗaya da ake ba yaran da ba su isa komai ba, wato korar tsuntsu. Gero kan nuna cikin kusan wata uku, kuma da ido ya fara cika jan baki ke sauka garke-garke. Akan ɗaura gwangwanaye masu tsakuwa a igiya, yaro ya zauna bisa rumfa yana ja yana ihu, ga majajjawa a hannu. Ihu kam Ɗan Ticha ya iya. Majajjawa ce ta ƙi shi. Ya kaɗa ta, ya kaɗa, ya saki, dutse ya yi baya ya fasa tulun ruwan sha da ke gindin gawo. Tsuntsaye ko gezau, suka ci gaba da kalaci.

Duk da haka, da aka yi girbi aka ɗaure dammuna, Baba ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma, sannan ya ware dami guda aka ɗora wa jaki zuwa gidan ticha. Da kansa ya raka shi. Bayan gaisuwa da barka da kaka, ya gyara zama.

"Malam, wannan na yaro ne, ya yi mana damina."

"Allah ya saka da alheri, Baba. Baɗi ma in Allah ya kai mu naka ne."

Baba ya yi gyaran murya, ya dubi yaron, ya dubi uban.

"A'a, Malam, mu yi wani ciniki. In ka riƙe shi a gida baɗi, dami biyu zan aiko."