Jinjina ga Jaruman da Suka Ceci Landan daga Kyamara

Wanda bai yi wa 'yan sandan Landan jinjina ba a kan aikin da suka yi daga 2001 zuwa 2010, bai san darajar tsaro ba. Su Allah ya ba basirar gane cewa ɗan yawon buɗe ido mai rataye da kyamara a wuya abin tsoro ne.

Doka ce ta share musu hanya. Sashe na 44 na dokar yaƙi da ta'addanci ta 2000 ya ba ɗan sanda ikon tare mutum ya caje shi ko da bai zarge shi da komai ba, muddin an ayyana yankin. Sai manya suka hutar da kansu, suka ayyana Landan kaf, suna ta sabunta izinin shekara da shekaru. Yaransu kuwa ba su yi ragwanci ba. A watan Afrilun 2009 suka ritsa wani dattijo ɗan ƙasar Ostiriya da ɗansa, suka tilasta musu goge hotunan motocin bas da tashoshi. Jar bas ɗin nan mai hawa biyu, wadda ake sayar da katin hotonta a shagunan tsaraba na birnin! Doka ba ta ba su ikon sa kowa ya goge hoto ba, amma jarumi ai ba ya tsayawa duba takarda. A watan Nuwamba kuma suka tare mai ɗaukar hoto na BBC yana ɗaukar majami'ar St Paul's, ginin da ya yi kusan shekara 300 a tsaye kowa na kallonsa. Madalla da wannan sa ido.

A shekarar aiki ta 2009 zuwa 2010 an tare mutane fiye da sau 100,000 a ƙarƙashin wannan sashe, ba a kama ko mutum guda da laifin ta'addanci ba. Kada mai hassada ya ce ɓata lokaci ne. Kwarjini ne ya kori miyagun.

Sai dai inda hikimarsu ta fi fitowa shi ne wajen kare kansu. A watan Fabrairun 2009 sashe na 76 na wata sabuwar doka ya fara aiki: tattara ko wallafa bayani a kan ɗan sanda, irin wanda zai iya amfanar ɗan ta'adda, laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 10. Masu ɗaukar hoto suka yi cincirindo a ƙofar hedikwatar Scotland Yard, suna cewa da wannan za a riƙa hana su ɗaukar ɗan sanda a bakin aiki. A birnin da kyamarorin tsaro ke ɗaukar talaka dare da rana, ana ce masa marar laifi ba ya jin tsoro, su masu kaki an ba su sutura. Kada wanda ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kunya ce kawai irin ta mutanen kirki.

Mako shida bayan haka, ranar 1 ga Afrilu, ana zanga-zangar taron G20, Ian Tomlinson, mai sayar da jarida ɗan shekara 47, yana neman hanyar komawa masaukinsa. Ba ya cikin masu zanga-zanga. Hannayensa na cikin aljihu, ya ba 'yan sanda baya, wani daga cikinsu ya sheme shi da kulki a ƙafa, ya hankaɗa shi ya faɗi. Ya tashi, ya ɗan taka, ya sake faɗuwa, rai ya yi halinsa. Sanarwar farko ta 'yan sanda ba ta ambaci duka ba, ta dai ce masu zanga-zanga sun jefi jami'an da suka zo ceto shi. Likitan farko ya ce bugun zuciya ne. Magana ta ƙare lafiya lau, ba don wani Ba'amurke mai shisshigi ba, wanda aiki ya kawo shi birnin, ya ɗauki bidiyon abin, jaridar Guardian ta fitar ranar 7 ga wata. Dubi wahalar da kyamara guda ta jawo: aka sake binciken gawa aka ga jini ne ya zuba a cikinsa, a 2011 kotun binciken mutuwa ta ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, ɗan sandan, Simon Harwood, ya tsira a shari'ar kisa a 2012 amma ya rasa kakinsa, a 2013 rundunar ta nemi gafarar iyalan mamacin. Da jaruman sun riga sun ƙwace kyamarar nan, da 'ya'yan Tomlinson sun zauna da labarin ciwon zuciya har abada, kowa ya huta.

Alƙalan kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ba su ga wannan alheri ba. A watan Janairun 2010, a ƙarar da wata 'yar jarida, Pennie Quinton, da Kevin Gillan suka shigar, alƙalan suka ce sashe na 44 ya keta haƙƙin mutane, a 2012 aka soke shi. Amma kada masoya tsaro su karaya. Shi sashe na 76 yana nan daram.