Takarda a Bango, Fenti a Kan Takarda: To, Sai Me?

Tun ban kai aya ba na hango ka kana taɓe baki. Ka ce wane mai hankali ne zai manna wa bango farar takarda, ba zane ba fure, sannan ya dawo ya shafe ta da fenti? Mutanen Ingila ne, malam, kuma ba kuɗi ne ya yi musu yawa ba. Yaɓen tsofaffin gidajensu ne ya tsattsage kamar dunduniya mai faso, takardar ke rufa wa bangon asiri. Lamba gare ta, daga 800 har 2000, gwargwadon lamba gwargwadon kauri. Mai 1200 ko 1400 ta ishi yawancin bango.

Ka ce ai shi ke nan, a sayo mai 2000 a binne kowace ɓarna? Kai dai ka cika son banza. Takarda ba ta cike rami, ba ta kwantar da tudu. Sai ka cike, ka goge da samfefa, ka share ƙura, sannan ka shafa wa bangon gam mai ruwa-ruwa ya bushe. In ka tsallake wannan, zai zuƙe gam ɗin takardar kamar mai buɗa-baki. In kuwa bangon na da danshi, ajiye buroshi ka nemo inda ruwa ke shiga, kafin fumfuna ta yi maka zanen da ba ka biya ba.

Ka ce ka taɓa gwadawa, duk ta yi bororo, don haka takardar jabu ce? Tsaya. Bayan ka shafa mata gam, minti nawa ka bar ta? Ka ga ka yi shiru. Takarda in ta sha gam buɗewa take yi. Ninke ta ake a bar ta ta jiƙu kamar minti 10, ko yadda aka rubuta a jikin naɗin, kuma kowane falle lokacinsa daidai da na ɗan'uwansa. Wanda ya ɗora ta da wuri, a jikin bango za ta ƙarasa buɗewar, ba ta da wurin zuwa, dole ta kumbura. Ƙananan bororo kuwa, cire yatsanka daga kansu, yawanci kafin gari ya waye sun kwanta. Wanda ya yi taurin kai, tsaga shi da reza ko ka ɗura masa gam da sirinji, ka danne.

Me na ji? Ɗora bakin wannan falle ka yi a kan wancan don kada a ga tsaga? Subhanallahi! Baki da baki ake haɗawa. Abin da ka yi, fenti bakwai ba zai ɓoye shi ba, layi ne zai tsaya daga sama har ƙasa yana gaishe da baƙinka. Ɗora rula a kan wurin, ka yanke falle biyun tare da sabuwar reza, ka zare rarar, ka mayar da bakin. Kuma kashe hitar nan: bushewar gaggawa ke sa takarda ta tsuke, mahaɗa ta wage. In ta riga ta wage, a cike ta, a goge.

Yanzu kuma ka ɗauko rola? Haba mutumina, sauri ya haifi nawa. Ba ta sa'o'i 24 tukuna. Gam ɗin da ya taɓa fuskarta, da ka goge shi da soso mai laima tun yana ɗanye, don fenti a kansa tsattsagewa yake. In shafin farko ya jiƙa takardar har bororo ya sake leƙowa, bar shi ya bushe kafin na biyu.

Na ce ka bar shi. Wannan yatsan da ka miƙa, me zai je yi?